Ku Tambaya Mu Amsa: Sayen Zane da Tukwanen Hannu a Ƙananan Shagunan Ingila

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan abu guda: ƙananan shagunan nan na garuruwan Birtaniya da ke nesa da Landan, masu sayar da zane-zanen mutanen ƙasar na ƙarni na 20 da tukwanen da fitattun magina suka gina da hannunsu. Yawancin tambayoyin garin St Ives suka nufa, don haka da shi za mu yi misali.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a Exeter. Mun je hutu St Ives, na shiga wani shago da bai fi ɗaki biyu ba, na ga ƙaramin kwano da kuɗinsa ya fi kuɗin hayar ɗakina na wata. Me ya sa kaya masu tsada haka suke a ƙauyen masunta? (Wata ɗaliba, Exeter)

Amsa: Wa alaikis salam, Malama. Can ne mahaifar kayan, shi ya sa. St Ives yana can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, a yankin Cornwall, tafiyar fiye da awa biyar a jirgin ƙasa daga Landan. A 1920 Bernard Leach, wanda ya koyo ginin tukwane a Japan, ya kafa maginarsa a garin tare da abokinsa Shoji Hamada. Daga nan irin wannan sana'a ta bazu a ƙasar: magini ɗaya ko 'yan kaɗan, su kwaɓa yumɓunsu, su gina, su haɗa ruwan sheƙinsu, su gasa, saɓanin tangaran na masana'anta da inji ke fitarwa dubbai iri ɗaya.

Ta ɓangaren zane kuwa, a 1928 Ben Nicholson da Christopher Wood suka yi kiciɓis da wani tsohon masunci, Alfred Wallis, yana zana jiragen ruwa a kan gutsattsarin kwali da fentin jirgi. A 1939, dab da yaƙin duniya na biyu, Nicholson da Barbara Hepworth suka koma yankin da zama. Bayan yaƙi aka sami su Peter Lanyon, Patrick Heron, Terry Frost, Roger Hilton da Wilhelmina Barns-Graham. Gidan tarihin zane na Tate ya buɗe reshensa a garin a 1993. Da yawa daga ayyukan waɗannan mutane teku ne da duwatsu da launi tsagwaronsa, babu surar mutum ko dabba, abin da zai yi wa wasu masu karatunmu daɗi.

Masu zanen sun zauna a garin shekara da shekaru, sun yi kyauta, sun yi musaya, sun sayar wa maƙwabta. Idan aka yi rasuwa aka zo rabon gado, kayan sukan fito daga gidajen yankin, kuma mai shagon da ya san iyalan shi ake fara nema. Kayan da kika gani ta hanya uku suke shigowa. Akwai wanda mai shago ya saya da kuɗinsa, a gwanjo ko a hannun magada. Akwai wanda mai shi ya ajiye a sayar masa, shago ya ɗauki la'ada. Akwai kuma sabon aiki na masu fasahar da ke raye, inda shago kan ɗauki kusan kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Ki tambaya wanne ne a gabanki. Wanda ya saya da kuɗinsa yana da ikon yi miki ragi nan take; na ajiya kuwa sai ya buga wa mai kaya waya tukuna.

Tambaya: An turo mini hoton kwanuka biyu, duka an ce na Leach ne, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayan sau da yawa. Ana so a cuce ni ne? (Wani ɗan kasuwa, Kaduna)

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ba lallai cuta ba ce, amma ka ce a kifar da kwanukan a ɗauko maka hoton gindinsu kafin ka ce uffan a kan kuɗi.

Maginan nan sukan danna ɗan hatimi a jikin yumɓu tun yana ɗanye, galibi kusa da gindi. Maginar Leach tana da nata: harafin S da I a sarƙe, wato St Ives. Duk abin da ya fito daga maginar yana iya ɗaukar wannan, har kayan yau da gobe, kofuna da kwanukan miya da butoci, waɗanda ma'aikata da almajirai suka riƙa ginawa da yawa bisa fasali ɗaya. Kaya ne masu kyau, masu daɗin riƙo, amma ba hannun Bernard Leach ya gina su ba. Wanda ya yi da kansa, ban da hatimin magina, yakan ɗauki nasa, BL, a danne ko a rubuce da buroshi. Ɗansa David da Janet, matar shi Bernard ɗin, kowa da nasa hatimin. To ka ga “na maginar Leach” daban, “na Bernard Leach” daban, kuma a tsakanin waɗannan maganganu biyu kuɗin yake.

Haka abin yake ga Lucie Rie, wadda ta gudo daga Vienna ta zo Landan a 1938, da Hans Coper da ya fara aiki a wurinta a 1946. Nata LR, nasa HC. Kayan shayin da suka yi tare suna ɗauke da hatimi biyun.

Sai dai kada hatimi ya kwantar maka da hankali, domin shi ne abu mafi sauƙin sassaƙawa. A farkon shekarun 1980 an gano tukwanen da aka gina a ajin koyon sana'a na kurkukun Featherstone, aka danna musu hatimin Leach na jabu, har wasu suka shige ta manyan gidajen gwanjo. Abin da ɗan jabu ke kasa kwaikwaya shi ne yumɓun kansa da hannun mai aiki. A dubi wurin da ruwan sheƙi bai rufe ba a gindi: launin yumɓun, tsakuwarsa, yadda aka yanke zoben da kwano ke zama a kai. A dubi nauyi, domin aikin ɗan koyo yakan yi kauri a ƙasa. A dubi gefen hatimin: wanda aka danna a ɗanyen yumɓu yakan ɗan tura laka ta kumbura a kewayensa. Sannan ka nemi tarihin kwanon a rubuce, wa ya saya, a ina, yaushe. Kwano mai tsohon rasit ko lambar baje koli a manne ya cancanci ƙarin kuɗi a kan ɗan'uwansa da ba a san inda ya fito ba.

Tambaya: Na ga wani shago a yammacin Ingila ya sa tulu a shafinsa, an rubuta Ladi Kwali, Abuja. Me ya kai aikin matar da ke jikin Naira 20 cikin kayan Turawa? Kuma yaya zan gane nata ne? (Wata malamar makaranta, Minna)

Amsa: Malama, wannan tambayar ta fi kowace faranta mana rai, domin zumuncin na gaske ne. Almajirin Bernard Leach na farko da ya yi fice shi ne Michael Cardew, wanda ya zo St Ives a 1923, ya buɗe tasa maginar a Winchcombe a 1926, daga baya ya koma Wenford Bridge a Cornwall. A 1942 ya tafi Achimota a ƙasar Ghana ta yau, sannan ya yi aiki a Vume. A farkon shekarun 1950 ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, garin da ake kira Suleja tun bayan da aka ba sabon babban birni sunan. Ya ga tulunan Ladi Kwali a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, kuma a 1954 ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko. An baje kolin kayan cibiyar a Landan a ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960, mutane suka saya suka kai gidajensu. Waɗannan ne suke fitowa yanzu daga hannun 'ya'ya da jikoki, kuma masu shagunan da ke sayar da kayan Cardew su suka fi sanin darajarsu.

Ga abin da za ki duba. Manyan tulunanta da hannu ta gina su, irin ginin matan Gwari, tana ɗora igiyar laka a kan igiya tana zagaya tulun, ba a kan faifan juyi ba. Saboda haka idan aka leƙa ciki da tocila ba za a ga zoben da juyi ke bari a jere tsaf ba, sai alamar yatsu da shafe-shafe. A waje akan raba jikin tulun gida-gida, a zana ƙadangare, kunama, kifi, kada, hawainiya ko tsuntsu da tsinke, a cika zanen da farar laka, sannan a zuba ruwan sheƙi mai duhu a gasa da wuta mai tsanani. Wannan gashin shi ya sa tulun ya yi nauyi ya daina tsatsafo da ruwa, don haka ba ya sanyaya ruwa kamar tulun gida. Na ado ne. Ta kuma yi ƙananan kaya a kan faifan juyi, kofuna da faranta da kwanuka, waɗanda suka fi sauƙin kuɗi ga mai farawa.

Hatimi biyu za ki nema: na cibiyar, wanda sunan Abuja ne da harufan ajami, da kuma nata, LK. Na cibiya kaɗai yana nufin an yi shi a can, bai ce ita ta yi ba. Wasu mata ma sun gina irin waɗannan tuluna a cibiyar, kamar Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa, kowace da alamarta, kuma aikinsu abin nema ne a karan kansa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a sayar da nasu da sunanta. Ki ce a turo miki hoton hatimin an haska shi da fitila daga gefe, domin ruwan sheƙi yakan cika ramin harufa su ɓace a hoton da aka ɗauka kai tsaye. A haɗa da tsawo da faɗi da nauyi a sikeli, za ki buƙace su wajen lissafin kuɗin jigila.

Tambaya: Yaya mutum zai gane tukunyar da ta taɓa fashewa aka gyara? (Wani mai karatu, Leicester)

Amsa: Ɗan'uwa, fara da neman izini, sannan ka cire zobe da agogo, ka ɗauki tukunyar da hannu biyu a saman tebur. Kada ka ɗaga ta da mariƙi ko da baki, kuma a ajiye murfi gefe.

Ɗora ta a kan yatsunka ka ƙyasta gefenta da farce. Wadda aka gasa da wuta mai ƙarfi, wajen digiri 1,250 zuwa 1,300, za ta yi amo mai tsawo kamar ƙararrawa. Idan ka ji “tak” a daƙushe, akwai tsaga ko da ido bai gan ta ba. Amma wadda aka gasa a ƙasa da haka, digiri 1,000 zuwa 1,100, dama muryarta a dushe take, kada ka yanke mata hukunci da wannan.

Sai ka zagaya yatsa a baki, da bakin buta, da inda mariƙi ya haɗu da jiki, nan aka fi karyewa. Sheƙin asali gilashi ne, yana da sanyi da tauri. Wurin gyara gam ne da fenti, yana da ɗan ɗumi da laushi, yatsa yakan ɗan tsaya a kansa. Idan kana da ƙaramar tocila irin ta duba kuɗin jabu, haska ta a wuri mai duhu: gyara yakan fito da launi dabam da sauran jiki.

Ka kuma bambance lahanin wuta da ɓarnar hannu. Tsagar da ta faru a cikin murhu bakinta a dunƙule yake, sheƙi ya narke ya gangara ciki. Da ita aka haifi tukunyar. Tsagar faɗuwa bakinta da kaifi, datti ya shige ta yi layi baƙi. Ƙananan zane-zanen nan kamar saƙar gizo a jikin sheƙi kuwa, suna faruwa ne idan sheƙi ya fi yumɓu tsukewa lokacin hucewa, wani lokaci ma da gangan magini ya neme su. Tukunyar da aka gyara ba haramun ba ce a saya. A dai faɗa maka, a rubuta a rasit, kuɗin kuma ya sauka.

Tambaya: Zan iya zuba abinci a irin waɗannan kwanukan? (Wata uwargida, Zariya)

Amsa: Hajiya, wanda aka gasa da wuta mai ƙarfi kuma ba shi da tsaga, don ci aka yi shi. Ki wanke da hannu, kada ki fitar da shi daga firij ki zuba masa tafasasshen ruwa. Wanda za ki kiyaya shi ne tsohon kasko mai sheƙi ruwan zuma, irin na farkon Winchcombe, domin da sinadarin dalma aka haɗa sheƙinsa. Abu mai tsami, zoɓo, tsamiya, nono, lemon tsami, miyar tumatir, yana janyo dalmar zuwa cikin abinci, kuma ta fi yi wa yara illa. Irin wannan a bar shi a kan kanta.

Tambaya: Ina so in sayi zane na farko. Ban san komai ba sai dai abin da ya burge ni. Me zan tambayi mai shago? (Wani likita, Manchester)

Amsa: Likita, abin da ya burge ka shi ne mafari, ka riƙe shi. Bayan haka ka ce a sauke zanen daga bango a juya maka bayansa. Mai shago na kirki murna zai yi da wannan roƙon, domin a baya labarin yake: takardun shagunan da suka taɓa sayar da shi, lambar baje koli, lambar gwanjo da aka rubuta da alli, tambarin kantin da mai zanen ya sayi ƙyallen, wani lokaci suna da shekara da adireshi da hannun mai zanen kansa. Ka duba ko waɗannan sun yi daidai da abin da aka faɗa maka. Zanen da aka ce na 1950 ne amma katakonsa fari fes kamar yau aka fere shi, yana buƙatar bayani. Idan an liƙa sabon ƙyalle a bayan tsoho, an taɓa yi masa babban gyara ke nan.

A gaba kuma, ka riƙe tocila daga gefe ta yadda haske zai kwanta a kan fentin. Za ka ga kumburi, da inda fenti ya ɗago yana shirin ɓallewa. Wannan ya fi yawa a ayyukan bayan yaƙi, lokacin da masu zane da dama suka yi amfani da fentin gida da allon katako mai araha. A ƙarƙashin tocilar duba kuɗi, tsohon banish, wato man sheƙin da ake shafawa a saman fenti, yakan yi haske kore-kore, sabon fentin da aka cike gurbi da shi ya fito baƙi-baƙi. Sa hannun da ya fito baƙi shi kaɗai a saman banish, daga baya aka ƙara shi.

Ka karanta kalmomin da ke gaban suna da kyau, domin kowace da nauyinta. Suna zalla yana nufin shago ya tsaya a kan cewa aikin mutumin ne. “Attributed to” na nufin ana zaton nasa ne, babu tabbas. “Circle of” na wani ne na kusa da shi a zamaninsa. “After” kwafin wani aikinsa ne da wani ya yi. Wallis da L. S. Lowry suna cikin waɗanda aka fi yi wa jabu, saboda aikinsu yana kama da mai sauƙin kwaikwayo, don haka a kansu kada ka yarda da labarin baka.

Idan aljihu bai kai ba, akwai bugu. Bugun asali shi ne wanda mai zanen ya tsara don a buga shi, a kan dutse ko farantin ƙarfe ko raga, kamar yawancin na Terry Frost, ya sa hannu da fensir ya rubuta lamba kamar 23/75, wato na 23 cikin 75. Akwai kuma hoton zane da aka ɗauka aka buga da inji. Yawancin “Lowry mai sa hannu” da ke yawo a kasuwa irin wannan ne: sa hannun nasa ne, amma takardar hoton zanensa ce, ɗaruruwa aka buga. Madubi mai ƙara girma sau goma zai raba gardama, domin bugun inji ɗigo-ɗigo ne a jere kamar hoton jarida.

A rasit a rubuta sunan mai zane, sunan aiki, shekara, da me aka yi, girma a santimita, hannuwan da ya bi, da duk gyaran da aka sani. Dokar kare masu saye ta 2015 ta wajabta kaya su dace da yadda aka siffanta su, kuma rubutun nan shi ne hujjarka. Idan aikin mai tsada ne, tambayi ko an duba sunansa a rajistar kayan sata ta Art Loss Register.

Tambaya: Wani ya ce gwanjo ya fi shago araha. Kuma me ya sa aka nemi fasfo ɗina kafin a sayar mini? (Wani magidanci, Abuja)

Amsa: Malam, kuɗin da aka buga guduma a kai ba shi za ka biya ba. A ce an buga a fam 2,000, gidan gwanjon kuma yana ɗaukar kashi 25 daga mai saye: fam 500. Harajin VAT na kashi 20 a kan wannan kamasho: fam 100. Sai haƙƙin mai fasaha, kashi 4: fam 80. Ya zama fam 2,680, ba a yi maganar ɗauri da jigila ba. Wani lokaci duk da haka gwanjo ya fi sauƙi, amma a can kai ne za ka duba kaya da kanka, kuma mayarwa da wuya. A shago kana biyan idon mai shi da alkawarinsa.

Haƙƙin mai fasaha ya fara aiki a Birtaniya a 2006, a 2012 aka haɗa da magada. Duk lokacin da aka sake sayar da aiki ta hannun shago ko gwanjo a kan fam 1,000 ko fiye, mai aikin ko magadansa suna da kaso, har shekara 70 bayan rasuwarsa. Kashi 4 ne a kan fam 50,000 na farko, yana raguwa daga nan, kuma ba ya wuce fam 12,500 a ciniki ɗaya. Ya shafi tukwane ma. Leach ya rasu a 1979, Rie a 1995, duk ana biya a kansu. Wallis kuwa tun 1942, nasa ya ƙare. Tambayi shago ko yana cikin farashin da aka liƙa.

Batun fasfo ba raini ba ne. A Janairun 2020 doka ta sa masu sayar da kayan fasaha su tantance mai saye idan ciniki ya kai wata iyaka, wadda aka sa a lokacin a kan darajar Yuro 10,000, ko a dunƙule ko a rarrabe, don hana halatta kuɗin haram. Za a nemi shaidar ko kai wane ne da ta adireshi, kuma kuɗin su fito daga asusun mai sunan da ke kan rasit. Idan ɗan'uwa ne zai biya maka, a faɗa tun farko. Wanda ya saya ta intanet daga shago ba tare da ya ga kaya ba yana da kwana 14 bayan isowarsu ya fasa. Mayar wa baƙi kuɗin VAT a filin jirgi kuwa an daina shi tun farkon 2021. Idan shagon ne da kansa zai aika kayan waje, tambaye shi ko zai cire harajin.

Tambaya: Na sayi zanen mai a kan allo da tulu ɗaya. Yaya zan kawo su Kano lafiya, su kuma zauna lafiya? (Wata 'yar kasuwa, Kano)

Amsa: Hajiya, Allah ya sa albarka. Takarda tukuna: kayan da suka haura shekara 50 kuma suka yi tsada sosai suna buƙatar lasisin fita daga hukumar Arts Council ta Ingila. Iyakar tana da nisa, fam 180,000 ga zanen mai, fam 65,000 ga yawancin sauran kaya, amma ki ce shago ya rubuta shekara da daraja a takarda saboda kwastan na nan da na can, da kuma inshora.

Tulu kwali biyu yake so. A naɗe shi da takarda mai laushi, sannan ledar nan mai kumfa ninki uku ko huɗu, a cusa takarda a cikinsa, murfi a naɗe shi dabam. A sa a kwali na farko a cike ko'ina har idan an girgiza ba a ji motsi ba. Wannan kwalin a sa shi cikin wanda ya fi shi girma, da tazarar santimita 5 zuwa 7 ta kowane gefe cike da soso. Yawancin fashewa daga motsi a cikin kwali take zuwa. Zane kuwa kada leda mai kumfa ta taɓa fuskar fenti, domin a zafi takan bar shatar ƙwayoyinta a kan banish. A rufe fuskar da takarda marar mannewa, a sa kwali mai kauri gaba da baya, a kare kusurwoyi, a tafi da shi a tsaye. Idan akwai gilashi a manna masa tef, ko a musanya shi da roba mai kama da gilashi. Da ya iso, ki bar shi a rufe kwana guda a ɗakin da zai zauna kafin a buɗe.

Tulun ba ruwansa da yanayinmu. Zanen ne abin ji. An yi shi a ƙasa mai laima, kuma ya fi son danshin iska tsakanin kashi 40 da 60. A Kano lokacin hunturu danshi yakan faɗi ƙasa da 20, a watan Agusta ya haura 70. Katako yana tsukewa yana kumbura da wannan sauyi, fentin da ya tsufa kuwa ya daina miƙewa, sai allo ya lanƙwashe, fenti ya tsattsage ya fara zuba. Maganin da ya fi shi ne tun a can a sa mai firam ya rufe zanen ruf: gilashi a gaba da 'yar tazara don kada ya taɓa fenti, allo a baya, a liƙe gefuna da tef, a ajiye ƙunshin sinadarin daidaita danshi a ciki. Wannan yana rage saurin sauyin, kuma yana tare ƙurar hunturu.

Ki rataye shi a bangon cikin gida wanda rana ba ta duka ta waje, da ƙugiya biyu, a sa ɗan toshi a kusurwoyin ƙasa ya ɗaga shi santimita ɗaya daga bango don iska ta wuce. Kada ya kasance a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki ko daura da taga. Zanen mai yana jure haske har ma'aunin lux 200, na ruwa a kan takarda 50 kacal, kuma akwai manhajar waya da za ta ba ki kimanin adadin. Ki nisanta shi da kaskon turaren wuta, domin hayaƙin yana da maiƙo, yana kwanciya a kan fenti ya kama ƙura ya mayar da shi ruwan ƙasa. Shara da busasshen buroshi mai laushi kawai, ba jiƙaƙƙen tsumma, ba man goge kujera. Sau biyu a shekara, ƙarshen damina da ƙarshen hunturu, a sauke shi a duba baya saboda gara da kyankyasai da fumfuna. Idan kika ga fenti ya ɗago, ki kwantar da zanen fuska sama, ki tattara duk ɓarɓashin da ya faɗo a ambulan, ki ɗauki hoto ki aika wa shagon da kika saya su haɗa ki da mai gyara.